Hancin Kawu Mai Niƙa

Ranar da kamfanin fenti ya dawo masa da bokiti ɗari huɗu, Mai Bokiti bai yi faɗa da kowa ba. Tsayawa ya yi a ƙofar masana'anta yana kallo ana sauke su daga mota, kowanne da tsaga tun daga gindin mariƙi har ƙasa, wasu ma busasshen fenti shuɗi ya biyo tsagar. Direban ya miƙa masa takarda. Gajeriya ce, kuma cike da ladabi, irin ladabin mutanen da suka riga suka gama shawara. Jami'ar sayayya ta kamfanin ce ta rubuto cewa sun ba shi zuwa ƙarshen wata. Ko dai ya kawo shaida a rubuce cewa ana gwada ɗanyen robar da yake aiki da ita a ɗakin gwaji, ko ya kawo takarda daga ƙungiyar masu masana'antun roba cewa za ta kafa irin wannan ɗaki cikin shekara. In babu ko ɗaya, za su nemi bokiti a wani wuri.

Inji biyu gare shi. Na farko yana fitar da baho da bokitin wanka na kasuwa. Na biyu ba ya yin komai sai bokitin fenti, kuma mutum goma sha ɗaya ne ke cin abinci a jikinsa.

Yayarsa, wadda ke kula da injunan tun mahaifinsu yana da rai, ta ɗauki bokiti ɗaya ta danna gefensa da babban yatsa. Ya yi ƙara kamar an taka busasshen ganye.

"Kayan Kawu ne," ta ce, ta ajiye shi.

Shi ma ya sani. Kawu Mai Niƙa ba ɗan'uwansu ba ne na jini, aminin mahaifinsu ne, shi ya sa tun suna yara ba su san shi da wani suna ba. Sana'arsa sayen tsofaffin robobi, a wanke, a niƙa, a narka, a mayar da su ƙwayoyi kamar na hatsi, a ɗura a buhu. Fiye da rabin 'yan ƙungiya a wurinsa suke saye. 'Yan shekarun nan harka ta buɗe masa, ya ƙara ma'aikata, sai robar bututu ta fara kuɓucewa cikin robar bokiti a wurin tsinta. Kaɗan ce, amma kaɗan ɗin ta isa ta sa bokiti ya tsage ranar da aka cika shi da fenti aka ɗora wani a kansa. Kafin a narka, ruwa ma yana raba su, ɗaya ta taso ɗaya ta nutse. Da zarar sun zama ƙwaya kuwa, sai na'ura.

Na'urar ta fi ƙarfin Mai Bokiti shi kaɗai. Sai dai an yi sa'a, ko kuma shi ya ɗauka sa'a ce, taron shekara na ƙungiya ya faɗo cikin watan. A taron ne za a zaɓi manyan manufofi biyar na shekara uku masu zuwa, kuma wata hukuma mai tallafa wa masana'antu ta yi alkawarin sayen kayan aiki ga duk abin da ya shiga cikin biyar ɗin. Layi ɗaya yake nema a takarda, layin da zai ce ƙungiya za ta kafa ɗakin gwajin ɗanyen roba.

Ƙungiyar tana da al'adu biyu da suka girme kundin tsarinta. Ta farko, ba a tayar da magana a taro sai da samfuri. Waɗanda suka kafa ta mutane ne da ba su yarda da takarda ba, don haka duk mai ƙorafi sai ya ɗora abin da yake kuka a kai bisa tebur, a zagaya da shi hannu zuwa hannu kafin a ce komai. Ta biyu ba a rubuce take ba, shi ya sa ma ba a taɓa karya ta ba: ba a kiran kayan ɗan ƙungiya da aibu. Duk lalacewar da ta faru a sana'ar roba cikin shekara talatin, laifin "wasu kayayyaki ne da ke yawo a kasuwa". Kayayyakin nan sun sha yawo, ba a taɓa sanin gidansu ba.

Da safen taron, Yaya ta same shi yana zaɓen bokitin da tsagarsa ta fi kyau.

"Ka tafi musu da takardar matar nan kawai," ta ce. "Takarda in ka karanta musu, gyangyaɗi za su yi su sa hannu. Ka ba su roba a hannu, kowa sai ya zama malami."

Ya ce mata al'ada ce, in ya je ba samfuri Sakatare ba zai ma kira shi ba. Ta ɗaga kafaɗa ta koma wajen inji. Yaya ba ta taɓa zuwa taron ƙungiya ba. Ta ce ita rayuwarta ɗaya ce, kuma ta riga ta ba wa injin na biyu.

Ɗakin taron yana saman ofishin ƙungiya, dogo ne mai taga uku, biyu ba sa buɗuwa. An jera fararen kujerun roba na masana'antar Shugaba, wanda kowa ke kira Mai Kujera in ba ya kusa. A bango an rataya wani babban ƙyalle mai hoton duniya koriya shar a cikin tafin hannu, kamar ba su ne ke cika ta da leda ba. Bana an yi ci gaba, an ɗauko wata ƙwararriya daga wani kamfanin ba da shawara ta jagoranci zaman. Ta zo da katuna masu launi huɗu da alƙaluma, ta bayyana cewa kowa zai rubuta burinsa ya liƙa a allo. Aka saurare ta cikin natsuwa har ta gama. Sannan Mai Leda ya zaro leda daga aljihu ya shimfiɗa a tebur, taro ya fara yadda ya saba farawa. Katunan dai ba su yi asara ba, an yi fifita da su.

Manufa ta farko ba ta ɗauki minti goma ba, wato yaƙi da shirin hana leda. Ta biyu wutar lantarki ce, kuma Mai Bokiti kansa ya yaba wa samfurin: wani rabin baho da ya daskare a cikin mazubi lokacin da aka ɗauke wuta, ya fito kamar kunnen giwa. Aka zagaya da shi ana jinjina kai kamar an kawo gawar ɗan'uwa. Sai aka yi awa guda da rabi a kan harajin kayan waje, inda masu shigo da sabuwar roba suke so a rage, masu niƙa suke so a ƙara, daga ƙarshe aka rubuta cewa ƙungiya za ta nemi a "daidaita" shi, kowa ya tafa don kowa ya ɗauka shi ya ci. Ta huɗu ta Shugaba ce, gyara sunan roba a idon jama'a. Samfurinsa hula ce mai tambarin ƙungiya. An kawo guda sittin, kowa ya samu.

Mai Bokiti yana zaune da bokitinsa tsakanin ƙafafu, yana kallon agogo. Gurbi ɗaya ya rage, kuma ya ji Ma'aji yana raɗa wa na kusa da shi maganar zuwa baje kolin ƙasashen waje.

Da Sakatare ya kira shi, ya miƙe ya ɗora bokitin a tebur. Ya yi bayani a taƙaice kamar yadda ya shirya. Ya faɗi bokiti ɗari huɗun, ya faɗi wa'adin ƙarshen wata, ya faɗi mutum goma sha ɗaya. Ya ce abin da ya same shi yau zai iya samun kowa gobe, domin manyan masu saye sun daina yarda da baki, takardar gwaji suke so. Bai manta ba ya ce laifin wasu kayayyaki ne da ke yawo a kasuwa. Yana tsakiyar bayanin na'urar ne ya lura babu mai kallonsa. Bokitin ya kama hanya.

Mai Leda ne ya fara karɓa. Ya lanƙwasa bakin bokitin, ya ga ya yi fari a wurin lanƙwasar, ya ce lallai akwai baƙo a ciki. Mai Bututu ya kai shi kusa da kunne ya ɗalle shi da farce sau biyu, ya ce sautin ya mutu, roba mai kyau amsawa take yi. Wani mai yin kofuna ya ɗaga shi saitin taga yana neman ɗigon baƙi, ya samu uku, ya nuna wa maƙwabcinsa da alfahari kamar shi ya haife su. Shugaba ya auna shi a tafin hannu ya ce ya fi ƙa'ida nauyi da kaɗan. Fuskokin da suka yini a yamutse duk suka washe. Waɗannan mutane ne da za su iya barci ana karanta musu wasiyyar ubansu, amma ka miƙa musu roba, sai su koma 'yan shekara ashirin.

Mai Bokiti ya yi ƙoƙarin komawa kan na'urar. Ya ɗaga murya kaɗan. Sakatare ya yi masa alama da alƙalami cewa ya dakata, samfuri bai gama zagaye ba.

A ƙarshen tebur Kawu Mai Niƙa yake, a kujerar da aka haɗa masa biyu saboda bayansa. Ya karɓi bokitin bai ko kalli ɗan amininsa ba. Ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya fere ɗan siriri daga bakin tsagar, ya nemi ashana. Mutum huɗu suka miƙo. Ya ƙyasta, ya riƙe ɗan yankin a kan wuta, ya kalli harshenta, ya hure, sannan ya kawo hayaƙin kusa da hanci ya rufe ido. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin fankar sama tana kukan rashin mai.

"Robar bututu ce," ya ce. "Ba ta kai kashi uku cikin ɗari ba. Kun ga koren nan a gefen wutar? Sannan akwai ɗan garin alli, shi ya ƙara nauyin da Shugaba ya ji."

Aka ɗau tafi. Ƙwararriyar ma ta ajiye katunanta ta tafa, ta ce ita a aikinta ba ta taɓa ganin irin wannan ba, wannan ai dukiya ce ƙungiya take zaune a kai. Ba ta san abin da ta yi ba. Shugaba ya gyara zama, ya ce to ga shi kowa ya gani da idonsa. Abin da na'urar Turawa za ta yi kwana uku tana lalube, Kawu ya faɗa da ashana ɗaya, kuma ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar kayan gyara daga waje. Ya tambaya, cikin murmushi, me zai sa a ɓata gurbi guda a kan inji alhali Allah ya hore wa ƙungiya hanci irin wannan. Aka yi dariya. Mai Bututu ya ƙara da cewa shi ma kunnensa yana nan kyauta ga duk mai so.

Mai Bokiti ya tuna fuskar Yaya da safe. Ya tuna cewa shi da hannunsa ya zaɓo bokitin da ya fi tsagewa don su ji tausayi, ga shi ya zame musu abin wasa. Ya san al'ada ta biyu sarai, a cikinta ya girma. Amma bakinsa ya riga shi.

"Kawu, Allah ya ƙara girma. Tunda hancinka yana jin ta a bokiti, me ya hana shi jin ta a buhu kafin ka aiko mini?"

Sakatare ya ɗaga alƙalaminsa daga takarda a hankali, don kada wani abu ya rubutu da kansa. Mai Leda ya shiga ninke ledarsa.

Kawu ya kalli ɗan yankin da ya ƙone a yatsunsa. Da ya yi magana, ba da fushi ya yi ba.

"Ɗan marigayi, buhu dubu nake fitarwa a mako. Hanci ɗaya gare ni."

"To ai maganar da nake yi ke nan, Kawu. Ita ce maganar tun ɗazu."

Kuma ita ce. Tsohon ya faɗi hujjar ɗakin gwaji fiye da yadda Mai Bokiti ya iya faɗa a minti goma sha biyar. Sai dai ɗakin bai ji hujja ba, abin da ya ji shi ne yaro ya kira sunan kayan dattijo a gaban baƙuwa. Shugaba ya duba agogo ya ce lokacin shan shayi ya yi, ko da yake ba a fi minti arba'in da shan na baya ba.

A wurin shayi Mai Bokiti ya tsaya shi kaɗai kusa da tagar da ke buɗuwa. Mutum biyu sun zo sun dafa shi, suka raɗa masa cewa gaskiya ya faɗa, su ma kayan nan sun ɓata musu aiki, amma ba haka ake yi ba. Ya tambayi ɗaya daga cikinsu yadda ake yi. Mutumin ya ce ana bi a hankali. Ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana bi a hankali, mutumin ya tuna bai sa sukari ba ya koma.

Da aka dawo, an riga an gama komai a kusurwar da Shugaba da Ma'aji da Sakatare suka sha nasu shayin. Shugaba ya ce ƙungiya uwa ce, ba ta watsar da kukan ɗanta ko da ɗan ya yi kukan ba daidai ba. Saboda haka an ajiye maganar baje koli, an ba wa inganci gurbi na biyar. Sakatare ya karanta: ƙungiya za ta ƙarfafa ingancin kaya ta hanyar cin moriyar gogewar dattawanta. Za a kafa kwamiti. Don a wanke abin da ya faru, an roƙi Kawu Mai Niƙa ya shugabance shi.

Mai Bokiti ya ɗaga hannu ya roƙi a saka kalma biyu kacal, ɗakin gwaji. Shugaba ya ce wannan ai aikin kwamiti ne, kada a riga shi. Aka nemi masu goyon baya, hannaye suka tashi. Nasa bai tashi ba, na Kawu ma bai tashi ba, tsohon yana ta goge wuƙarsa da gefen riga. Sakatare ya rubuta cewa an amince baki ɗaya, domin a tarihin ƙungiyar bai taɓa rubuta wani abu dabam ba.

Duk da haka ya kai takardar. Mutum in ya rasa abin kaiwa, abin da ke hannunsa yake kaiwa. Ofishin jami'ar sayayya ƙarami ne, mai sanyi, da gwangwanayen fenti jere a kan kanta. Ta karanta manufofin biyar tun daga ta farko, ta dawo kan ta biyar ta sake karantawa. Ta tambaye shi ina maganar na'ura. Ya ce kwamiti zai duba. Ta tambayi wa ke shugabantar kwamitin, ya faɗa mata, kuma da yake ya gaji da ɓoye-ɓoye, ya ba ta labarin ashanar gaba ɗaya. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ba shi haƙuri don ta ga shi ba dariya yake yi ba.

"Malam, wallahi ni na yarda da hancin kawunka. Amma shugabana fayil yake karantawa, kuma ban san yadda zan liƙa hanci a fayil ba."

Ta ce in sun kafa ɗakin, ko baɗi ne, ya dawo, ƙofa a buɗe take. Ta raka shi har bakin matakala, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara shida da suka yi suna harka.

Ranar ƙarshen wata Yaya ce ta kashe injin na biyu. Ba a kashe irin wannan inji haka kawai, sai an tura duk robar da ta rage a cikinsa ta fito, in ba haka ba ta daskare ta toshe shi. Ta tsaya tana kallon narkakkiyar robar tana zubowa ƙasa tana naɗewa, har ta ƙare, sannan ta shafa wa mazubin mai ta rufe shi da tamfol. Ba ta ce masa ai ta faɗa ba. Da ta faɗa ma da ya fi masa sauƙi. Shi kuma ya tara mutum goma sha ɗayan a gindin injin ya yi musu bayani. Huɗu ya iya matsa musu wuri a injin na farko. Sauran bakwai suka karɓi haƙuri suka tafi, ɗaya ya tambaya ko zai iya ɗaukar bokiti biyu cikin tsagaggun, matarsa tana shuka a ciki. Yaya ta hana, ta ba shi sababbi.

Kwana uku bayan haka motar Kawu ta tsaya a ƙofar masana'anta da buhu arba'in da babu wanda ya yi oda. Direban ya ce shi dai an ce ya sauke. Da Yaya ta matsa masa, ya ce tun bayan taron tsoho yake zuwa wurin tsinta da kansa, ya sa kujera a gaban tulin robobi, duk abin da bai yarda da shi ba sai ya ƙona ya shinshina. Ya ce idanunsa sun yi jajir, yana ta tari, 'ya'yansa sun yi magana har sun gaji. Waɗannan buhunan su ne abin da ya tace.

Yaya ta farke bakin buhu ɗaya, ta ɗebo ƙwaya, ta ƙyasta ashana. Wutar ta kama shuɗiya a ƙasa, rawaya a sama, babu ko alamar kore. Ƙamshin kyandir ya tashi. Ta gwada buhu na biyu da na bakwai da na ƙarshe, duk haka.

"Rabon da in ga kaya irin wannan tun Baba yana da rai," ta ce. Ta waiwaya ta kalli injin da ke ƙarƙashin tamfol. "Me za mu yi da su?"

"Baho," ya ce.

"To. Bana masu wanki sun more."

Direban har ya tayar da mota sai ya tuna da saƙo, ya miƙo ambulan ta taga. Daga Sakatare ne. Ana farin cikin sanar da Mai Bokiti cewa, bisa la'akari da kishin da ya nuna, an naɗa shi mamba a kwamitin inganci. Zama na farko ranar Laraba ta sama, ƙarfe goma. A ƙasa an ja layi a ƙarƙashin tunatarwa cewa duk mai magana ya zo da samfuri.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. A bayan masana'anta, jikin katanga, bokitan fenti suna nan a jere cikin juna, ɗari uku da casa'in da tara. Ya je ya tsaya a gabansu, ya fara duba wanda zai kai ranar Laraba, wanda tsagarsa ba ta cika kyau ba.